Kaji hamsin da gyara ɗaya: littafin akurkinmu

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Yau na sayi littafi mai shafi arba'in a shagon bakin layi, naira 300. Shi ne kuɗin farko da aikin nan ya ci. Niyyata in yi kiwon kajin nama guda 50 a lungun da ke bayan ɗakin Inna, inda tsofaffin bulo da karyayyen keke suka shekara suna zaman banza, in kai su Ƙaramar Sallah in sayar. Albashin malamin firamare kowa ya san iyakarsa, kafin 20 ga wata ya yi sallama.

Abin da na tara naira 150,000 ne. Na buga lissafi a bayan takardar jarrabawa har sau uku, ya ƙi kaiwa. Ban gaya wa kowa ba, ashe na bar takardar a kan tabarma. Bayan isha'i mai ɗakina ta ajiye mini ƙullin leda kusa da kwanon tuwo: 200,000, kwasar adashinta ta jiya, wadda tun bara take lissafin keken ɗinki da ita. Na ce ba zan taɓa ba. Ta ce, "Malam, keken ɗinki yana nan a kasuwa ko yaushe. Sallah ce ba ta jiran kowa."

Jari ya zama 350,000.

Asabar, 25 ga Janairu

Ƙanena kafinta ya zo da safe da tef da zarto. Ya auna ƙafa 10 a tsawo, ƙafa 6 a faɗi, ya ce wannan zai ɗauki hamsin har su girma ba tare da sun hau kan juna ba. Ni da na so a jingina akurkin da katanga ta kowane ɓangare don a rage kuɗin waya. Ya ƙi. Ya ce, "Yaya, yanzu sanyi kake gani. Bari Maris ya zo." Aka bar ɓangare biyu a buɗe da wayar raga, za a riƙa sauke tamfol ta inda iskar hunturu ke bugowa.

Katako 18,000. Waya 22,000. Ƙusa 3,000. Tamfol 9,000. Siminti buhu ɗaya 9,500. Duka daga kasuwar Sabon Gari, nan Zariya.

Kwanon rufi ban saya ba. Kawu ya ji labari, ya aiko da tsofaffin falle shida daga rumfarsa da ya rushe a Tudun Wada, har da kuɗin mai Keke Napep ya biya. Ƙanena kuwa da na zaro kuɗin aiki sai ya ɗaure fuska kamar na zage shi, ya ce a ba shi ƙanzon shinkafa in akwai.

Asabar, 1 ga Fabrairu

An yi daɓe. Na goge shi sumul, na ja layi a ƙasa na ce kada kowa ya tsallaka. Na dawo daga sallar la'asar na tarar da tafin hannu guda, ɗan mitsitsi, yatsu biyar cif a kusurwar gabas, kusa da shi kuma sawun kyanwa. Na ɗaga murya. Autarmu mai shekara 4 ta leƙo daga bayan zanen Inna, hannu duk siminti, ta ce ta sa wa kajin ne don su san gidan su waye.

Na ɗauko cokalin magini zan shafe, na tsaya, na mayar da shi.

Talata, 4 ga Fabrairu

Wanke akurki da Izal, an bar shi ya sha iska. Dusar katako buhu uku daga shagon ƙanena. Mazuban abinci da na ruwa 12,000. Gawayi buhu ɗaya 7,000. Abincin 'yan tsaki buhu biyu masu kilo 25, 49,000. Izal, gulukos da bitamin 5,000. Na biya kuɗin tsaki, 1,200 kowanne, 60,000.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Tun bayan asuba ina Kwangila ina jiran motar da ta kwano hanya daga Ibadan. Yawancin tsakin da muke kiwo a nan daga can ake ƙyanƙyaso su, su yi wannan doguwar tafiya a kwali mai huji-huji ba ci ba sha. Ragowar gwaiduwar da ke cikinsu ce ke riƙe su kwana biyu zuwa uku na farko. Mota ba ta iso ba sai wajen ƙarfe tara. Na rungumo kwalin a kan babur, ina jin ɗuminsu a cikina ta cikin riga, suna ta tsiyau-tsiyau har gida.

Kafin in iso mai ɗakina ta hura kurfoti, akurki ya yi ɗumi. Ruwan gulukos aka fara ba su, abinci sai bayan awa biyu. Muna fitar da su ɗaya-ɗaya ana tsoma bakin kowanne a ruwa, babban yaronmu na ƙirgawa da ƙarfi. Hamsin. Sai ga wani a kusurwar kwali, ƙarami a kan sauran.

Auta ta ce, "Abba, wannan na waye?"

Inna, wadda tun safe take cewa ita ba ruwanta da kajin turawa, ta amsa daga bakin ƙofarta: "Gyara ce. Ko gero ka auna ai sai an ɗan ƙara maka."

Shi ke nan suna ya bi shi. 'Yar tsakiyarmu ta ɗiga masa lalle a ka don kada ya ɓace a cikin 'yan'uwansa.

Da daddare na buɗe littafi zan rubuta kuɗin babur, sai na ga babu inda zan sa wannan tsakon, tunda ban biya ba. Haka kwanon Kawu, haka aikin ƙanena, haka dusar katako. Na ja layi a tsakiyar shafi. Hagu abin da na biya. Dama na rubuta "gyara" a sama, na koma baya na cike abin da na tsallake. Tun kafin kaji su kwana ɗaya dama ta fi hagu layuka.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Asarar farko, kuma laifina ne ni kaɗai.

An ɗauke wuta tun magariba, kwan fitilar da ke taimaka musu da ɗumi ya mutu, saura kurfoti. Na zuba gawayi ƙarfe goma sha ɗaya, na ce zan tashi ƙarfe biyu in ƙara. Waya ba caji, ba abin da ya tashe ni sai kiran sallar farko. Na fita da tocila, sanyi kamar ana yanka kunne. Wuta ta zama toka. Tsakin duka sun dunƙule a kusurwa ɗaya, wani kan wani, suna wani irin kuka mai kaifi da ban taɓa ji ba. Da na warware su na tarar da uku a ƙasa, an danne su sun mutu. Wasu biyu sun yi laushi, ƙafa a miƙe.

Na tsaya riƙe da su ban san abin yi ba. Inna ta fito da buta, ta dube ni, ba ta ce uffan ba. Ta karɓi biyun ta sa a cikin haɓar zanenta, a jikinta, ta koma ɗaki. Bayan an sallame daga masallaci na dawo na ji kuka daga ɗakinta. Sun farfaɗo, har ɗaya na tsattsagar carbinta.

Abin da na gyara yau: na lanƙwasa kwali na zagaye su, babu sauran kusurwar da za su cushe. Na ɗora kurfoti a kan bulo, na bar 'yar kafa a saman tamfol saboda hayaƙin gawayi shi ma yana kisa in an toshe ko'ina. A makon farko suna son ɗumi kamar maki 32 zuwa 35, amma ba ni da ma'auni, su ne ma'aunina. In sun taru jikin wuta sanyi suke ji. In sun gudu gefe suna buɗe baki zafi ya yi yawa. In sun bazu kowa na harkarsa, daidai ke nan.

Saura 48.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Kwana uku ke nan ina tashi ƙarfe uku in tarar da gawayi sabo yana ci ja-wur. Na zaci mai ɗakina ce, ta ce ita ta zaci ni ne. Yau na haska ƙasa, sai ga sawun silifas a tokar da ta zube, ƙafar hagu ta fi nutsewa. Mutum ɗaya ne a gidan nan ke jan ƙafar dama saboda ciwon gwiwa.

Da na je gaishe ta na ce, "Inna, sanyin nan bai dace da ƙafarki ba."

Ta ce, "Alwala nake fitowa. Ina ruwana da kajinku."

Ni ɗan fari ne. Shekarata 41, ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "wannan yaron" take cewa ko "mai gidan nan". Ko hannuna ba ta taɓa riƙewa a gaban mutane ba, kuma ina yaro abin yakan dame ni, in ga tana wasa da ƙannena ni tana kau da kai. Na rubuta a dama: gawayin ƙarfe biyu, dare uku. Ban sa suna ba, don na san in ta ji an rubuta za ta daina.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Rigakafin cutar kaji ta Gumboro na farko, kwana 7. Kwalbar ta kaji 100 ce, kuma in an buɗe ba a ajiyewa, don haka muka raba da wata baiwar Allah a bayan layinmu da ta ɗauki tsaki rana ɗaya da ni. Rabona 1,000. Na ɗauko shi a filas ɗin shayi cike da ƙanƙara. An janye musu ruwa awa biyu don su ji ƙishi, aka dama da ruwan rijiya da ɗan garin madara. Ruwan famfo ba ya yi, sinadarin kulorin da ke ciki yana kashe maganin. Rijiyar Alhajin maƙwabta ce, ya ce in riƙa ɗiba ba sai na yi sallama ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Lafiya lau. Fukafukai sun fara fitowa farare. Kazar Inna, wake-wake, ta kwanta kan ƙwai tara tun ranar Juma'a a cikin tsohuwar tukunya a bayan murhu. Inna ta ce za mu ga wanda zai riga wani kunya.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Lasota, rigakafin cutar Niyukasil, 1,000. Lallen Gyara ya tafi da gashin jarirta, an ɗaura masa jan zare a ƙafa. Na daina kurfoti da rana.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ƙarin abinci buhu ɗaya, 24,500.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Kwana uku ban taɓa littafin nan ba, ba zan iya ba.

Ranar Litinin na lura wasu sun takure, fukafukai a sake, gashi a hargitse, ba sa zuwa wajen abinci. Na duba ƙasa na ga kashi da jini. Na tona dusar da ke ƙarƙashin mazubin ruwa na kusurwa, sai ga ta jiƙe sharkaf har daɓe, baƙi ƙirin, wari na tashi, an yayyafa busasshiya a sama. Cika ruwa aikin babban yaronmu ne, shekararsa 11. Na kira shi na yi masa faɗan da ban taɓa yi masa ba, a gaban ƙannensa. Na ce ganganci ne, na ce kuɗin uwarsa yake zubarwa. Bai ce komai ba, ya ɗauki jaka ya tafi makaranta ko kokonsa bai sha ba.

Na kai matacce ɗaya da hoton kashin shagon maganin dabbobi. Saurayin da ke wurin ya buɗe cikin, ya nuna mini hanji biyun nan makafi sun kumbura da jini. Ya ce koksidiyosis ne, ƙwayar cutar a jiƙaƙƙiyar shimfiɗa take yaɗuwa, kaji na tsattsaga suna haɗiya. Ya ba ni amfuroliyom na kwana biyar a ruwan sha, ya ce in kwashe dusar duka in zuba sabuwa, in kuma ɗage Gumboro na biyu, ba a yi wa marar lafiya rigakafi. Magani 5,500. Na tambayi kuɗin dubawa, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ba ka gane ni ba? Aji huɗu, ni ne mai zama bakin taga, wanda ka saya wa littafin lissafi." Wallahi ban tuna littafin ba. Fuskar ma sai da ya cire hula.

Da na dawo ina wanke mazubai, na ɗaga na kusurwar ga rana. Tsaga ce siririya a gindinsa, tun daga kasuwa. Shi ne wanda na matsa aka rage mini 500 saboda ya ɗan goge. Yaron yana cikawa yana tsiyayewa, shi kuma ya zaci shi ne ke zubarwa, yana rufewa da busasshiyar dusa don kada in gani. Mai ɗakina ta ce kwana biyar ke nan yana tashi kafin asuba yana wannan aikin.

Ban iya ba yaro haƙuri ba, ba a koya mana ba. Na jira har bayan magariba, na kira shi bakin akurki, na miƙa masa mazubin da tocila na ce ya duba. Ya duba ya daɗe. Na ce, "Ni na sayo shi haka. Ka yafe wa Abba." Ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsun ƙafa, can ya ce, "To a rataye sabon da igiya mana, kada su riƙa ture shi." Haka aka yi, kuma dabararsa ta fi tawa. Yanzu duka mazuban a rataye suke daidai bayan kaza, ana ɗagawa suna girma.

Huɗu sun mutu tsakanin Litinin da yau. Saura 44. Sabon mazubi 2,500. Sabuwar dusa, ƙanena ya kawo da kansa a kan babur da dare.

Asabar, 1 ga Maris

Jiya da dare Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, yau 1 ga Ramadan. Ba mutuwa tun Laraba, kashi ya koma daidai. Na ciri 30,000 daga jarin kaji na sayi gero, sukari da mai. Na rubuta shi a nan don kada in yi wa kaina ƙarya daga baya.

Litinin, 3 ga Maris

Gumboro na biyu, 1,000. Abincin ƙiba buhu biyu, 47,000. Zan gauraya da ragowar na farko kwana uku kafin in sauya gaba ɗaya.

Juma'a, 7 ga Maris

Wannan ba na akurkina ba ne, amma sai na rubuta.

Jiya bayan shan ruwa Inna ta kira 'yar tsakiyarmu, "Zo nan kishiya, in nuna miki abin da ba a koyarwa a makarantar ubanki." Ta zura hannu ƙarƙashin wake-wake, kazar na hura wuya tana saran ta, ta zaro ƙwai ɗaya ta kara wa yarinyar a kunne. Na ga idanunta sun buɗe. Ta ce, "Abba, yana magana!" Na karɓa na saurara. Ƙwai rufaffe, ko tsaga babu, amma ga kuka siriri daga ciki, ga wani ƙwas-ƙwas kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Uwar kuma tana amsa masa ƙasa-ƙasa daga cikin tukunya.

Shekara nawa ina rubuta wa yara a allo cewa kaza na kwanci kwana 21. Ban taɓa sanin suna gaisawa da uwarsu kafin su fito ba. Ni da na sayi hamsin a kwali har na manta daga ƙwai suke.

Yau da safe, kwana 21 cif, bakwai sun fito. Yaran suka ƙi tafiya makaranta sai da suka ga na ƙarshe ya ture ɓawonsa, jiƙe, kamar an tsamo shi daga miya, bayan awa guda kuma ya bushe ya zama auduga. 'Yar tsakiya ta gano ɗan farin ƙaho a kan bakinsa, wanda yake fasa ƙwan da shi, Inna ta ce kwana kaɗan zai faɗi. Sun makara, ni ma na makara.

Inna ta ce nata ba ruwansu da gulukos ko filas. Na ce mu ga nauyinsu ranar Sallah. Na roƙe ta dai a riƙa tsare su nesa da akurki saboda cuta, ta ce ai su ma ba sa son warin turawa.

Litinin, 10 ga Maris

Lasota na biyu, 1,000. Rigakafi ya ƙare. An sassauta zaren Gyara karo na uku, ƙafar ta yi kauri. Yanzu ya kamo sauran, kuma shi kaɗai ke zuwa bakin waya in ya ji muryar auta.

Alhamis, 13 ga Maris

Kuɗi sun ƙare. Jiya na sayi buhu ɗaya 23,500, abin da ya rage a leda 17,500. Buhu yanzu kwana huɗu yake yi, ina bukatar uku kafin Sallah, albashi kuma sai ƙarshen wata. Kajin nama ba sa jin "a yi haƙuri", in suka yi yini biyu ba ƙoshi nauyin da ya zube ba ya dawowa da wuri.

Ina zaune ina tunanin sayar da goma tun yanzu a kan asara, sai ga saƙon banki, 50,000, daga Yayata ta wajen uba da ke aure a Kaduna. Na kira ta. Ta ce, "Kajin Sallata biyar, na biya tun yanzu kada ka sayar wa wani." Yaya ba ta taɓa yanka kaza fiye da biyu da Sallah ba. Na tambayi mai ɗakina ko ita ta faɗa mata, ta ce ita dai gaisuwar azumi suka yi. Doguwar gaisuwa ce, ga alama.

Na rasa inda zan rubuta wannan. Ciniki ne, amma ba ciniki ba ne. Na sa shi a kan layin tsakiya.

Buhu biyu, 47,000. Na uku mai shago ya ce in ɗauka duk ranar da na so, in biya bayan Sallah.

Talata, 18 ga Maris

Maganar ƙanena ta tabbata. Rana ta buɗe, kwano ya zama tanda. Jiya na dawo daga makaranta ƙarfe biyu na tarar da su kwance, baki buɗe, fukafukai a ware, suna haki. Kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafi, kuma mafi ƙiba shi ya fi shan wuya. Biyu mafiya girma, waɗanda har na yi musu kuɗi a zuciyata, sun mutu a kife. Wannan ta fi ta tsaki ciwo, domin kowanne ya ci abincin kusan mako shida.

Na cire tamfol gaba ɗaya. Ni da babban yaro muka hau muka shimfiɗa tsohuwar zana a kan kwano, muka rataya buhunan algarara a jikin waya ana jiƙa su. Abinci kuma ana ɗauke shi daga ƙarfe goma na safe zuwa bayan la'asar, saboda narkar da shi ma zafi yake ƙara musu, su ci da yamma da dare. Auta ta zagaya gida tana shela cewa kaji ma sun ɗauki azumi.

Ƙanƙara a watan nan sai mai rabo, kafin azahar an yi layi. Matar Alhajin maƙwabta na da firjin sola. Yau da rana tsaka, ba wanda ya roƙa, sai ga jikanta da ƙatuwar ƙanƙara a bokiti, wai a sa wa kaji a ruwa. Mai ɗakina ta mayar da bokitin da kunun tsamiya da ƙosai lokacin buɗa baki. Ragowar ƙanƙarar mu muka sha. Albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko, yau ni ne ƙadangaren.

Saura 42.

Asabar, 22 ga Maris

Na aro sikeli wurin mai naman bakin titi na auna goma. Mafi ƙanƙanta kilo 2, mafi girma 2.7. Rabonsu da magani tun farkon wata, jikinsu ya tsarkaka, ana iya ci. Na karɓo buhun bashi.

Asabar, 29 ga Maris

Kwana uku ana ciniki. Ban kai ko ɗaya kasuwa ba. Mai ɗakina ta sa hotonsu a WhatsApp, matan unguwa da malaman makarantarmu suka kwashe. Na gane ban iya ciniki ba: in mutum ya ce "Malam, a duba mana" sai in rage. Daga rana ta biyu aka kore ni daga bakin akurki, ita ke yanka farashi, babban yaro ke kamawa, ni ina rubutu. Guda 30 sun tashi a 303,000. Biyar na Yaya sun bi motar Kaduna jiya a kwando.

Ɗaya gidan Kawu, ɗaya ga ƙanena, ɗaya gidan Alhaji, ɗaya gidan surukaina, biyu na tukunyarmu. Na aika wa tsohon ɗalibina ɗaya, ya dawo da ita da kansa, ya ce shi gwauro ne, a dafa a sammasa. Ita ce ta biyun tukunyar.

Kafin in taɓa ko sisi na ƙirga 200,000 na sa a leda, na ajiye mata kusa da kwanon sahur.

Lahadi, 30 ga Maris, ranar Sallah

Bayan an sauko daga idi na wasa wuƙa. Saura uku a akurki, biyu na miya da mai jan zare. Na ce tunda baƙi za su yi yawa a haɗa da shi. Auta, cikin sabon leshi da lalle har gwiwar hannu, ta shige akurkin ta zauna a kan dusa ta rungume shi. Na ce mata sabo da kaza ba ya hana yanka. Ta ce ai ba kaza ba ne, Gyara ne.

Inna ta kwance bakin zanenta, ta ciro 'yan tsofaffin ɗari biyar-biyar guda huɗu a nannaɗe, ta ajiye a kan turmi. Ba ta dube ni ba, katanga ta yi wa magana: "A gaya wa mai kajin nan na saya. Kuma ba yau zan ci ba."

Leshin dai sai da aka wanke shi kafin a tafi kallon hawa.

Asabar, 5 ga Afrilu

Lissafi. Akurki 61,500, mazubai 14,500, tsaki 60,000, abinci buhu tara 214,500, gawayi 7,000, magani da rigakafi 14,500, babur da tarkace 6,000. Jimla 378,000. Abin da ya shigo: kaji 353,000, kashinsu da wani mai lambu a bakin Kubanni ya kwasa 4,500, dubu biyun Inna. Jimla 359,500. A takarda na faɗi da 18,500, sai dai akurki da mazubai suna nan, kuma gida biyar sun ci nama. Na biya mai shago ranar Alhamis. Shafin dama ya ci fuska shida, ban san yadda ake haɗa jimlarsa ba, na bar shi haka.

Shiri na gaba: a kwashe dusa, a wanke, a bar akurki ya huta mako biyu. Ba zan sake zuba na nama a tsakiyar zafi ba, sai damina ta sauka. Ina so in je Shika in tambayi yadda ake samun Shika Brown, masu ƙwan nan da cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta samar, ko da ashirin ne, don ƙwai kullum ne, Sallah kuwa sau biyu a shekara. Kafin nan sai na sayi ma'aunin zafi da fitilar caji. Mazubi kuma sai na ɗaga shi ga rana kafin in biya.

Keken ɗinki ya iso jiya, ya ƙara 15,000 a kan kuɗin Janairu, na cika daga albashi. Aikinsa na farko labule ne na buhu da za a rataya a akurki.

Gyara na nan a bayan murhu, cikin 'ya'yan wake-wake, ya ninka uwarsu biyu, yana bin su da ƙyar yana haki. Tsaba ba ta isarsa. Yau da safe mai shi ta aiko auta ta gaya wa mai gidan nan cewa abincin kazarta ya ƙare. Mudu biyu, 2,400. Na rubuta a hagu.